Ƙanƙarar Baffa a Watan Azumi

Na yi shekaru ina leƙen mutanen Gumel ta wata 'yar taga mai ƙarafa a ɗakin magani na asibiti. Mutum ya miƙo takarda, in miƙa masa ƙwaya, in ce safe da rana da dare, ya ce to, ya tafi ya sha yadda ransa ya so. Ilimin haɗa magunguna na karanta a jami'a, amma a garinmu ba wanda ya taɓa kirana da sunan sana'ata. Masu sona su ce likita, waɗanda na taɓa hana wa maganin tari su ce mai kemis. Da gajiya ta ishe ni, sai na ga wata ƙungiyar agaji ta likitoci tana neman masu aikin sa kai a ƙasashen waje, na nema. Tausayin bayin Allah yana ciki, ba na musu. Amma kuma ina so in hau jirgin sama, in ɗauki hoto a inda ba wanda ya san sunan kakana.

Wata mata ce ta yi mini tambayoyi ta waya. Ta tambayi harsunan da nake ji, na ce Turanci da Hausa. Da ta ji Hausa sai na ji muryarta ta cika da murna, ni kuma na ɗauka burge ta na yi. Da suka sake kira sai suka ce an ɗauke ni, kuma tunda ina jin Hausa, za a tura ni Jamhuriyar Nijar, wani gari a kudancin Damagaram.

Da yamma na je gidanmu in gaya wa Inna, mahaifiyata. Na same ta a tsakar gida tana tsinkar zogale. Na durƙusa na gaishe ta, na ce na samu aiki a ƙasar waje. Ban faɗi sunan ƙasar ba, ita ma ba ta tambaya ba.

"Albashin fa?"

"Aikin sa kai ne, Inna. Za su ba ni abinci da wurin kwana da ɗan na sabulu."

"Wato gayya za ka je yi wa Turawa," ta ce, ta ci gaba da tsinkar zogalenta.

Duk da haka abin ya yi mata daɗi. Kafin gari ya waye unguwa ta ji. Ta aika kasuwa aka sayo mini wata ƙatuwar rigar sanyi a wajen masu gwanjo, don ta ji an ce sanyin can yana yanke kunne. Matan maƙwabta suka riƙa shigowa sa albarka, wannan ta ce in taho mata da turare, waccan ta ce agogo.

Ana cikin haka Baffa ya zo. Ƙanin mahaifina ne, kuma tun da mahaifina ya rasu shi ne ubanmu. Dillalin shanu ne a kasuwar Maigatari, ƙato mai tumbi, da murya wadda ta saba ƙetare kukan garke guda kafin ta isa kunnen mai saye. Ko gaisuwa yake yi sai ka ɗauka ciniki ne. Ya zauna a tabarma, ya sha ruwa, ya dube ni.

"An ce za ka ƙasar waje. Wacce?"

Na ce Nijar, a hankali.

"Wane gari?"

Na faɗa masa. Ya yi dariya har hularsa ta faɗo kan cinyarsa.

"Can nake sayo bijimai. Makon jiya a can na yi azahar, na yi la'asar a Maigatari."

Inna ta ajiye tiren zogale ta dube ni. "Garin da aka ɗauko kakarka a kan jaki aka kawo ta nan?"

"Ƙasar waje ce dai, Inna. Har fasfo sai da suka karɓa."

"To miƙo mini rigar sanyina in mayar wa mai gwanjo."

Jirgin dai na hau shi. Dokar ƙungiyar ita ce kowane sabon ma'aikaci sai ya fara zuwa babban ofishinsu a yi masa bita. Saboda haka na tafi Kano, daga Kano Abuja, daga nan aka zagaya da ni wata ƙasar kafin a sauke ni a Yamai. Aka zaunar da mu a ɗaki mai sanyi, wani saurayi Bature ya yi mana lacca a kan al'adun Hausawa, ya ce kada mu miƙa abu da hagu. Na rubuta don kada ya ji ba daɗi. Daga nan aka ɗebe mu zuwa Damagaram, mota kuma ta yi kudu da ni, ta yi ta yin kudu, har na fara ganin irin gawon da irin rumbunan da na baro a gida. Bayan kwana da kwanaki ina tafiya, na isa inda Baffa yake zuwa ya dawo a yini guda. Akwai wata jigawa a bayan asibitin, in na hau kanta layin wayata na Najeriya yana kamawa.

Wanda ya tarbe ni shi ne babban ma'aikacin jinya, wanda a can suke kira Majo. Dogo ne siriri mai gashin baki, rabin maganarsa Hausa rabi Faransanci. Ya kama hannuna da hannu biyu.

"Sannu da zuwa, Mushe."

Na waiga ko da wani yake. Ba kowa sai ni. Na ce masa a wajenmu dabbar da ta mutu ba yanka ake kira haka. Ya ce ya sani, amma a nan girmamawa ce, haka ake kiran malamin makaranta da duk wani mai ɗaura agogo. Haka na zama Mushe har na bar garin.

Shugabar asibitin likita ce Baturiya, 'yar ƙarama mai furfura, kowa yana ce mata Madam. Ta daɗe a ƙasar, Hausarta ta Damagaram ce tsantsa, kuma in ta fara gaisuwa sai ta tambayi gajiya da iyali da dabbobi da ruwan bara kafin ta sake ka. Ta kai ni ɗakin magani, ta nuna mini kantoci da katan-katan, sannan ta tsaya gaban wani farin firij mai murfi a sama, wanda ke aiki da hasken rana.

"Wannan shi ne matarka a nan," ta ce. "In ya yi zafi, mun shiga uku gaba ɗaya."

A cikinsa ake ajiye alluran rigakafi, da maganin dafin maciji, da allurar masu ciwon suga, da allurar da ake yi wa mace in jini ya ɓalle mata bayan haihuwa. Duk waɗannan ba sa son zafi, ba sa kuma son daskarewa. Safe da yamma sai na duba ma'aunin sanyinsa.

Ban yi mako ba na gane cewa a garin da ba wutar lantarki, mai riƙe da makullin firij ya fi mai gari maƙiya. Ran farko na buɗe na tarar da kwanon furar Majo a kan maganin maciji. Na fitar. Washegari na tarar da robar zoɓon unguwarzoma. Na fitar. Direban asibiti ya zo da hanta ɗanya a leda, ya ce zuwa yamma kawai. Na saya wa firij kwaɗo, na rataya makullin a wuya kamar laya. Sai ga Madam da kanta ta shigo wata rana tana sanɗa, da wani ƙunshi a hannu. Cukun ƙasarsu ne aka aiko mata, mai warin safar da aka yi kwana uku ba a cire ba.

"Can ƙasa-ƙasa, Mushe, ba wanda zai gani."

"Madam, ke kika ce matata ce."

Ta tafi da cukunta tana gunaguni da harshensu. Daga baya na ji ta sa shi a cikin tulu a bayan ɗakin maganin.

Aikin kansa ba wasa ba ne. Yawancin masu zuwa mata ne da yaran da tamowa ta kama, yara marasa nauyi kamar tsumma, waɗanda ba su da ƙarfin kuka. Muna ba su wani man gyaɗa mai zaƙi da ke zuwa a leda, da maganin zazzaɓi, da na gudawa. A jikin ledar ƙwaya nakan zana rana tana fitowa, rana a tsaka, da wata. Wata tsohuwa ta duba zanena ta ce ranar tawa ta fi kama da gizo-gizo, amma ta gane. Wasu yaran sun tashi, har suka riƙa kama mini ƙafar wando. Wasu ba su tashi ba, sai ka ga uwa ta fita da zanen goyo a hannu. Irin waɗannan ranaku ba na hawa jigawa in kira gida.

Ban daɗe ba Baffa ya fara zuwa. Duk sanda ya tsallako sayen shanu sai ya biyo, ya sa a shimfiɗa masa tabarma a ƙarƙashin bishiyar darbejiya ta ƙofar asibiti, ya riƙa gaya wa duk mai wucewa cewa asibitin na ɗansa ne, Baturiyar ma yarinyarsa ce. Yakan zo da abokansa dillalai, kowanne da ciwon da ya tuno a hanya. Shi kuwa buƙatarsa ɗaya ce.

"Ɗana, allura za ka yi mini."

"Ta me, Baffa?"

"Ta ƙarfi. Irin ta Turawa, ta asali, ba ta kemis ba."

"Me yake damunka?"

"Sai wani abu ya dame ni? Shanuna ma lafiyarsu ƙalau ake yi musu."

Na ce ba a yin allura sai da dalili. Ya ce ya gane, boko ya cire mini zumunci. Da ya matsa sai na kai shi wajen Madam. Ta gaishe shi har ya gaji, abin da ban taɓa gani ba. Ta auna jininsa, ta saurari ƙirjinsa, ta leƙa idonsa da bakinsa, ta ce, "Alhaji, ka fi ni lafiya. Ka dai rage kitse." Ya fito ransa a ɓace, ya ce wannan ba likita ba ce, ya yi tafiya tun daga wata ƙasa a ce masa ba shi da komai.

Azumin shekarar a tsakiyar bazara ya faɗo. Tun hantsi iska take zama kamar hucin murhu, awaki su lafe a jikin katanga, mutane su jiƙa mayafi su lulluɓa. Wata safiya na shiga ɗakin magani na ji shiru. Firij ɗin yana da wani ɗan gurnani da na saba da shi har ba na jinsa, sai ran da ya ɗauke. Na duba ma'auni, ya fara hawa.

Majo ya zo ya zagaya shi, ya yi masa magana da Faransanci, ya ɗan shure shi. Direba ya hau rufi ya goge faifan sola da rigarsa. Ba abin da ya motsa. Madam ta kira mai gyaran ƙungiyar a Damagaram, ya ce daga bayanin da aka yi masa wani abu ne ya ƙone a akwatin da ke haɗa batura da firij, kuma irinsa sai an aiko daga Yamai. Ta ce yaushe. Ya ce in sha Allahu.

Muna da akwatunan sanyi irin na masu rigakafi, amma robobin ƙanƙarar da ake sa musu a jikin wannan firij ɗin suke daskarewa, waɗanda suka rage ba za su kai gobe ba. A garin ba mai injin ƙanƙara. Inda ya fi kusa da ake samunta shi ne Maigatari, motar ƙungiya kuma ba ta tsallaka iyaka sai da izinin wasu mutane a wani ofishi mai nisa, waɗanda aka ce suna taro. Madam ta zauna a kan katan ta dafe kai. Ni kuma na fita na hau jigawa, rairayi yana ƙona ni ta cikin takalmi, na kira Baffa.

"Baffa, ƙanƙara nake so."

"Kai ma azumin ya fara taɓa ka ke nan."

Na yi masa bayani. Ya ce kamar yaya yawanta. Na ce duk wadda zai iya samu. Na ji kukan shanu a bayansa.

"A watan azumi kake so in kwashe ƙanƙarar Maigatari. Ka san da wane baki mutane za su ambace ni in an kira magariba?"

"Rayukan mutane ne, Baffa."

"Ni ma rai gare ni. Allurata fa?"

Na ce za mu yi magana. Ya ce ya san irin maganata, ya kashe wayar.

Bayan la'asar muka ji ƙarar mota. Wata tsohuwar a-kori-kura ce da ake ɗaukar awaki a ciki, Baffa a gaba ya fito da gwiwar hannu ta taga, bayanta kuma buhuna ne jibge an rufa musu ƙaiƙayi da tsohuwar tabarma. Ruwa yana ɗiga tun daga bakin gari, mutane kuma suna bin ɗigon. Kafin motar ta tsaya ƙofar asibiti ta cika, mata da kwanonin sha, maza da butoci, don labari ya riga ya zaga cewa Turawa suna rabon ƙanƙara sadaka.

Na leƙa bayan motar na ga wurin buhuna da yawa babu komai sai jiƙaƙƙen ƙaiƙayi.

"Baffa, ina sauran?"

"Ka taɓa wuce surukinka yana azumi, kai kuma da ƙanƙara a mota? Ga liman a bakin hanya, ga mutumin da ya saya mini shanu bara. In ɗaga musu hannu kawai?"

Ba lokacin gardama. Jama'a sun fara matsowa, wani har ya zura hannu ƙarƙashin tabarma. Majo ya hau kan benci ya yi jawabi mai kyau a kan muhimmancin rigakafi, ba wanda ya saurare shi. Madam ta ɗaga hannuwa tana ba da haƙuri, wata mata ta ɗora mata kwano a hannun. Sai Baffa ya kama ƙarfen motar ya hau baya, ya gyara babbar rigarsa, ya saki muryar nan ta kasuwa.

"Jama'a, ku saurara. Wannan ƙanƙara irin wadda ake sa wa gawa ce a babban asibiti. Mai so ya matso in gutsura masa."

Wanda ya zura hannu ya zare shi ya goge a riga. Kwanoni suka koma ƙarƙashin mayafai. Kafin a jima wurin ya watse, sai wani kurma da ya tsaya da butarsa yana murmushi.

Na ce, "Baffa, ƙarya da azumi a bakinka?"

"Na ce an sa wa gawa? Cewa na yi irinta ce. Ƙanƙara ai duk iri ɗaya ce."

Maganar ta bi hanya ta koma baya har ta iske waɗanda ya yi wa kyauta, bayan sun riga sun sha ruwa da ita. An ce surukin nasa har aka yi salla bai amsa gaisuwarsa ba.

Muka kwashe buhunan zuwa ɗakin magani. Na farfasa ƙanƙarar da taɓarya, na bar ta ta fara zufa, na jera a ƙasan akwatuna, na shimfiɗa kwali a kai don kada kwalba ta taɓa ta ta daskare, sannan na jera magungunan na sa ma'auni a kowane akwati. Ɓarɓashin da ya rage muka kai wa matan da ke jinyar yara. Ruwan da ya narke kuwa unguwarzoma ta tace shi ta dama tsamiya, muka sha ruwa da shi. Ranar ce kaɗai na ga Majo ya dube ni da fuskar rahama.

Wajen sauke buhu na ƙarshe wani tsatsattsen ƙarfe a jikin motar ya yanki Baffa a tafin hannu. Ba wani babban rauni ba ne, amma motar awaki ce, ga tsatsa ga kashi. Madam ta wanke ta ɗaure, ta tambaye shi yaushe rabonsa da rigakafin sandarewar jiki. Ya ce bai san da ita ba. Ta dube ni, na dube ta.

"Alhaji, sai an yi maka allura."

Ban taɓa ganin mai rauni ya yi farin ciki haka ba. Ya ce a bari a sha ruwa tukuna, kada a ɓata masa azumi, kuma a kira direban motar ya zo ya shaida. Bayan magariba ya cire babbar riga, ya naɗe hannun ta ciki har kafaɗa, ya zauna ya miƙe wuya. Na ɗauko kwalbar daga cikin akwatin da ƙanƙararsa ke sanyaya, Majo ya zuƙa ya soka ya zare.

"To, a fara," in ji Baffa.

"An gama, Alhaji."

Ya karɓi sirinjin ya ɗaga shi a gaban fitila, ya juya shi.

"Wannan ce allurar Turawan? Wadda ake yi wa ɗan akuya ta fi ta."

Kayan gyara ba su zo da wuri ba, ƙanƙara kuma ba ta kwana biyu a wannan zafi. Haka Baffa ya ajiye dillanci ya koma jigila. Kullum bayan azahar sai ga a-kori-kura tana ɗiga, yanzu ba mai bin ta. Ya shirya da wani mai injin ƙanƙara, wani Kirista mutumin Filato da ya daɗe a Maigatari, wanda ya yarda ya riƙa ware mana tamu tun da safe kafin masu azumi su yi masa layi. Wata rana injin mutumin ya tsaya, Baffa ya wuce har Gumel ya bi gidajen masu firiza ɗaya bayan ɗaya, ya haɗo ƙullin ƙanƙara a leda, har da na Inna. Ta aiko shi da saƙo cewa in dai ƙasar waje sai an kai mata ƙanƙara daga Gumel, to gara in dawo gida.

A cikin waɗannan kwanaki ne aka kawo wata mata a amalanke daga wani ƙauye, bayan azahar. Ta haihu a gida da safe, jaririn yana lafiya a hannun wata tsohuwa, amma jini ya ƙi tsayawa. Zanen da aka shimfiɗa mata ya jiƙe, leɓɓanta sun yi fari. Aka shige da ita, Madam ta leƙo ta kira sunan allurar. Na ruga na buɗe akwati, na duba ma'auni, yana inda ya kamata. Na ɗauko kwalaben da sanyinsu a tafina, na haɗa da ledojin ƙarin ruwa, na miƙa ta ƙofa. Aikina a nan ya ƙare.

Na fito na zauna a tabarmar Baffa, wanda isowarsa ke nan. Mijin matar yana tsugune a gefe, wani siririn manomi, ya cire hularsa yana murɗa ta kamar mai matse wanki. Baffa ya tambaye ni abin da ake ciki, na gaya masa. Ya dubi ɗakin, ya dubi motarsa. Ya ciro carbi. Tunda nake da shi ban taɓa ganin ya zauna da mutane ya yi shiru mai tsawo haka ba.

An daɗe. Inuwar darbejiya ta matsa har muka ja tabarma. Sannan Madam ta fito, da jini a takalmanta, ta tsaya gaban mijin.

"Ya tsaya. Za ta kwana biyu a nan, amma ya tsaya."

Mutumin bai tashi ba, ya kifa fuskarsa a cikin hular. Baffa ya miƙe ya zagaya bayan mota, muka ji yana ta fyace hanci. Da ya dawo ya ce ƙaiƙayin nan ne ya shiga masa ido.

Ba allurar kaɗai ta ceci matar ba, hannun Madam da na unguwarzoma sun yi aiki, kwananta kuma yana gaba. Na yi wa Baffa wannan bayani, ya ce ya ji. Kafin mako ya zagayo duk kasuwar Maigatari ta san cewa shi ya tsayar da jinin.

Ana jibi salla mai gyara ya iso. Ya kwance akwatin da ke haɗa batura da firij, ya fito da ɓera a soye, ya nuna mana wayar da ya ci. Majo ya ce warin tulun Madam ne ya jawo shi, Madam ta ce ba a taɓa tabbatar da haka ba. Firij ya dawo da gurnaninsa, na mayar da kwaɗona. Na ƙarasa watannina, na dawo gida ta Maigatari a bayan babur, tunda ba dokar da ta ce sai na koma ta Yamai. Na koma bakin tagata a Gumel.

Baffa ya rasu bara, bayan 'yar gajeriyar jinya. Ran sadakar uku muna zaune a ƙofar gida sai ga mota ta sauke baƙi daga tsallaken iyaka, yawancinsu dillalai da makiyaya. A cikinsu akwai wani siririn mutum riƙe da hannun wani ɗan yaro mai sabuwar hula. Na gane shi, mijin matar nan ne. Shi bai gane ni ba, don na yi ƙiba na kuma tara gemu. Ya durƙusa ya yi mini gaisuwa, ya tambaya ko ni ɗan marigayin ne. Na ce ɗan wansa ne.

"Allah ya ji ƙansa. Kai ba ka san abin da mutumin nan ya yi mana ba. Asibitin garinmu shi ya riƙe shi. Shekarar da na'urarsu ta mutu, Turawan sun rasa yadda za su yi, shi ya zo ya karɓi aikin. Uwar wannan yaron da kake gani, shi ne sanadin tashinta."

Ya ba ni labarin tun daga farko, da amalanke da zafin rana da komai, har da wasu abubuwan da ban san sun faru ba. A nasa labarin Baffa ne ya shiga ɗakin ya nuna wa Baturiya inda za ta soka allurar.

Na ce, "Ba wanda yake taya shi?"

Ya ɗan yi tunani. "Akwai wani ma'aikaci da yake ɗaukar masa buhu."

Na ce Allah ya saka masa shi ma. Ya ce amin. Na tashi na shiga cikin gida na ce a ƙaro tuwo, baƙin Nijar sun zo da yawa. Suka ci, aka yi addu'a, suka kwana a zaure. Da sassafe suka yi sallama, don ranar Alhamis ce kuma suna so su riski kasuwa.